Haramin da Baffa Ya Ɗaura a Cikin Guguwa

MAKKA ZUWA JIDDA

Na fito daga gidana da ke unguwar Tandabawi a Makka kafin kiran sallar farko, wata Asabar a farkon Shawwal, shekara guda bayan an gama babban yaƙi. Kayana ba yawa: tabarma, buta, ƙaramar salka ɗinkin hannuna, da ƙunshin gurasa da dabino da mai ɗakina ta haɗa. Tun da 'yan'uwa na gida sun matsa sai na faɗi yadda na ɗauko Baffa Ilu, zan faɗa daki-daki, kowane abu a wurinsa. Wanda ya ƙagu ya ji ƙarshe sai ya yi haƙuri, ni ba na fara magana daga tsakiya.

Baffa Ilu ƙanen mahaifina ne. Ya baro Bichi da niyyar hajji 'yan shekaru bayan tahowarmu, ya yi noman auduga a Sudan, daga nan labarinsa ya yanke. Muka sa shi cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Sai ga wani mutumin Hadaramautu da nake sayen fata a wurinsa, yana ba ni labari cewa a garinsu Mukalla akwai wani tsohon Takari, kamar yadda suke kiranmu, mai gadin rumbun busasshen kifi, wanda ya yi faɗa da maigidansa, da masunta, da ladanin unguwa, har da wani jaki. Ban tambayi sunansa ba. Na koma gida na ce a haɗa mini guzuri. Tsoho ne ya haura saba'in, in bai tsaya Arfa bana ba, ba wanda zai yi masa alkawarin baɗi.

A Jarwal, inda motocin Jidda ke tashi, na shiga babbar mota mai ɗaukar buhunan da babu komai cikinsu. Mun yi sallar asuba a bakin hanya, askarawan shinge suka leƙa suka ce mu wuce. Da hantsi muka tsaya a Bahra, inda ake da gahawa, wato rumfar shayi mai gadajen igiya. Ƙirshi ɗaya na biya. Kafin azahar muka ga ganuwar Jidda. Na sauka a unguwar bukkokin mutanenmu da ke bayan ganuwa, na jira jirgi kusan mako.

JIDDA ZUWA ADAN

Jirgin hayaƙi ne, na shimfiɗa tabarmata a sarari kusa da bakin ƙarfe. Tekun Maliya ya yi lumui, zafi ne kawai. Mun tsaya Hudaida aka sauke kaya, sannan muka kewaya muka shiga Adan, gari ne da aka gina cikin baƙin dutse, ba ko ɗanyen ganye.

A nan na sauka wurin Malam Tanimu, Bazazzagi ne, ya daɗe yana dafa abinci a jiragen ruwa. Da ya ji ni Bakano ne sai ya ce in shigo, dama gidan yana bukatar bawa. Na ce ban taɓa jin inda bawa ya yi wa ubangidansa masauki ya kuma tsaya surutu ba. Muka gaisa. Shi ma bai taɓa hajji ba, ya ce zai raka ni Mukalla, mu dawo tare mu wuce Makka. Na yarda, don yana jin maganar matuƙa. Da na san abin da bakinsa zai yi a tafiyar, da na yi shawara tukuna.

A Adan na fara jin zancen guguwa. Shinkafa ta yi tsada, jiragen ƙasar Hindu sun makara, wanda ya iso kuwa na gan shi da idona, bututun hayaƙinsa a karkace, kayan da aka ɗora a samansa teku ya kwashe. Matuƙa suka ce haka babban tekun nan na gabas yake: idan iskar bazara ta kwanta, ta hunturu ba ta tashi ba tukuna, sai guguwa ta riƙa haihuwa a tsakiyar ruwa. Suna kiranta ɗufan. Wata shekarar ɗaya ake yi, wata ba a yi sam, bana kuwa suna zuwa a jere. Na tambayi girmanta, wani ya ce tana juyawa kamar tamu ta fili, amma za ta rufe ƙasar Kano baki ɗaya. Tanimu ya ce ashe ƙarama ce. Ni dai na ɗauka hirar matuƙa ce, don na lura ba su faɗin abu yadda Allah ya yi shi.

MUKALLA

Daga Adan sai sambuk, jirgin katako wanda iska ke tura shi da babban ƙyalle. Muka bi gaɓa, ba abin da ya same mu sai amai. Mukalla gari ne mai kyau daga nesa, dogayen gidaje farare a gindin dutse. Daga kusa kuwa warin kifi ne ke fara yi maka maraba.

Ba mu sha wahalar nema ba. Tun daga bakin ruwa muka ji murya tana zagin wasu tsuntsaye da Hausa. Na ƙarasa na durƙusa na ce, “Baffa, ni ne Sule, ɗan Malam Habu.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa. “Sai yanzu?” in ji shi. “Kuma da wannan guntuwar rigar ka zo gaishe ni? Wane ne wannan mai kama da ɓarawon akuya?”

Na ce Bazazzagi ne. Ya ce ai ya gani. Sai bayan wannan ya tambayi ɗan'uwansa, na gaya masa ya rasu. Ya shiga cikin rumbu ya daɗe, da ya fito ya yi mini faɗa a kan na tsaya masa a hanyar iska.

Mun shirya tashi ke nan guguwa ta biyu ta iso gare mu a kan tudu. Da safe teku ya yi wani irin kumburi ba tare da iska ba, masunta suka yi ta jan kwalekwale sama. Da azahar gabas ta yi baƙi. Daga nan aka yi kwana biyu ana ruwa, a garin da kan shekara bai ga abin da zai jiƙa tabarma ba. Gidajen bayan gari na laka ne aka shafe da farar ƙasa, suka riƙa narkewa suna zama. Kwarin da raƙuma ke kwana ciki ya zama kogi, ya kawo itatuwan dabino da saiwarsu. Kifin da aka shanya a rairayi, wanda shi ne abincin mutane da na dabbobinsu, ya ruɓe duka. Na ga sambuk guda a zaune a ƙofar wani masallaci. An yi jana'iza da yawa, mun bi waɗanda muka iya.

Rumbun Baffa kaɗai ya tsira, don ya kwana yana toshe rufi yana zagin wanda ya gina shi. Amma jiragen da suka rage duk suna bukatar gyara. Muna zaune Shawwal ya ƙare, Zulƙida ya shiga har ya yi nisa.

A TEKU

Wanda ya fara gama gyara shi ne Nahuda Salim. Nahuda shi ne shugaban jirgi. Ya loda kifin rumbun Baffa zai kai Adan, inda ya yi tsada. Na tambaye shi ko guguwar ta ƙare, ya ce biyu sun wuce, ba a cika yin uku ba. Na ce ba a cika ba, ko ba a yi? Ya ce in hau in zan hau.

Rana ta biyu, da hantsi, tsuntsaye suka ɓace. Iska ta riƙa zuwa tana yankewa. Kafin azahar aka sauke ƙyalle, aka ɗaure duk abin da ke motsi. Abin da ya biyo baya ba zan iya jera shi yadda nake so ba, don shi kansa bai zo a jere ba. Ruwa daga sama, ruwa daga ƙasa, ruwa daga gefe. Jirgi ya hau tudu ya tsaya, sannan ya faɗa rami. Aka miƙa mini gwangwani na yi ta kwarfa. Nahuda ya ce a zubar da kaya, aka shiga jefa kifi a teku, kifin da Baffa ya yi shekaru yana kore wa kyanwa. Itacen da ke riƙe ƙyalle ya karye daga tsakiya.

Ina cikin kwarfa na waiga, sai na ga Baffa ya tuɓe riga da wando da hula, yana kwance wani ƙunshi. Haraminsa ne, fararen zannuwa biyu da ya saya tun a Sudan, yana yawo da su shekara da shekaru. Na rarrafa na riƙe hannunsa. Na ce masa da ƙarfi, don iska, wannan ba tsari ba ne, ba a ɗaura harami sai an zo miƙati, miƙatinmu kuwa yana can kusa da Jidda, tafiyar kwanaki.

“Kai da miƙatinka,” in ji shi. “Malamai sun ce wanda ya mutu da harami da labbaika zai tashi. Ni ba zan tashi da warin kifi ba. Sake ni.”

Na ce ai ko wanka bai yi ba. Ban rufe baki ba wata igiyar ruwa ta haura ta binne mu duka. Da ta janye ya ce, “To, ga shi nan.” Ya ɗaura, ya yafa, ya yi niyyar hajji a bayyane, ya fara labbaika. Ya kira ni da Tanimu mu yi yadda ya yi. Ni na ƙi, don ba wurinsa ba ne. Tanimu kuwa bai ji ba, yana rungume da tukunyar jirgi yana kiran sunan uwarsa.

Ba mu mutu ba. Wajen la'asar ta kashegari iska ta sassauta. Nahuda ya ce gefenta ne kawai ya shafe mu. Aka ɗaura guntun ƙyalle a kan guntun itace, muka bi inda ruwa ya ga dama, har muka hango ƙasa. Ba Adan ba ce. Tsallake ne, ƙasar Somaliyawa.

BARBARA

Masunta suka ja mu zuwa Barbara. Nan ma guguwar ta taɓa su, rumfunan kasuwa a ƙasa, awakin da aka tara don kai wa Adan da yawa ruwa ya ci. Muka sami masauki a zauren wani mai sayar da fatu, abinci shinkafa da nonon raƙumi.

Baffa ya nemi rigarsa da hularsa. Na ce a dakata, a tambaya. Muka je wurin limamin gari, dattijo mai jan gemu. Larabcin Baffa na faɗa ne kawai, saboda haka ni na yi tafinta. Liman ya ce ɗaura harami kafin miƙati abin ƙi ne, amma wanda ya ɗaura ya ɗauru, ba fita sai an gama. Ya jera: ba ɗinkakken tufa, ba rufe kai, ba turare, ba yanke farce, ba cire gashi, ba kashe ko ƙwarƙwata. Wanda ya yi babba ya yanka rago ko ya yi azumi, wanda ya yi ƙarami ya ba da abinci. Ya ƙara da cewa mai harami ba ya zagi, ba ya jayayya.

Wannan na ƙarshe Baffa ya sa na maimaita. Ya tambaya ko zagi ɗaya yana ɓata hajjin gaba ɗaya. Liman ya riga ya tashi zuwa alwala. Na ce, “Baffa, ni baduku ne, ba malami ba. Amma in ni ne, bayan wannan doguwar tafiya, ba zan gwada ba.”

Tanimu yana tsaye a bayanmu, na ji ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Daga ranar ya fara. Ya ɗauki hular Baffa ya sa, wai kada asu ya ci. Yakan zauna gabansa da hantsi ya tuɓe riga yana neman ƙwarƙwata, in ya kama sai ya nuna masa, ya fasa ta a farce, ya ce, “Wannan ƙanwar taka ce, Baba. A gaishe da na wajenka.” Ya ce Kano ƙauyen Zazzau ce da aka manta a daji. Ya ce Dala tudun tururuwa ne. Ya ce ya taɓa cin tuwon Bichi, ya ɗauka gini ake.

Ranar farko Baffa ya buɗe baki, na ga zagin ya taho har haƙora, sai ya haɗiye, ya ce, “Labbaikallahumma labbaik.” Daga nan ya sami hanya. Duk abin da aka faɗa masa, da labbaika yake amsawa, kuma da ƙarfin muryar ake gane girman laifin. In rana ta doki sanƙonsa, a hankali yake yi. In ƙwarƙwata ce, matsakaici. In Tanimu ne, har bakin ruwa ana ji. Mutanen Barbara suka ɗauka waliyyi ne, mata suka riƙa aiko masa da nono.

Da na ga tsohon yana ramewa, sai na kafa doka. Tanimu yana da daga hantsi zuwa azahar, ban da Juma'a, ban da ambaton iyaye. Ya ce an zalunce shi, amma ya bi.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Jirage sun ƙi fita, kowa yana tsoron ta huɗu. Kullum da safe in je bakin ruwa, kullum a ce gobe. Watan Zulƙida ya tsufa muna kallo. Baffa ba ya tambaya, amma bayan magariba yakan fita ya dubi sama ya dawo.

ADAN DA TSIBIRIN KARANTINA

A ƙarshe wani mai awaki ya ga dabbobinsa za su ƙare da yunwa, ya ce zai tsallaka. Muka hau tare da su, muka isa Adan lafiya. A nan aka ce jiragen alhazai duk sun wuce, sai guda ɗaya na alhazan ƙasar Hindu, wanda guguwar nan da ta jefa mu Barbara ta tsare shi a hanya, yana shan gawayi, gobe zai tashi. Abin da ya makarar da mu shi ya ajiye mana jirgi. Muka sami wuri kusa da inda ake ɗaure tumaki. A daren tashinmu aka ga watan Zulhajji.

Kafin Jidda dole a sauka a tsibirin karantina, a duba lafiyar kowa. An yi mana wanka da wani ruwa mai warin magani, aka karɓi tufafinmu aka sa a tukunyar tururi. Baffa ya ƙi sakin haraminsa sai da aka kawo masa zane marar ɗinki. Da aka dawo masa da nasa da ɗumi, ba abin da ke motsi a ciki. Ya ja ni gefe ya tambaya wa zai ba da abincin waɗannan rayuka. Na ce wanda ya hura wutar. Ya ce Allah ya yi wa mai hura wutar albarka. Ranar ya yi barcin rana har da minshari.

Amma an riƙe mu a tsibirin fiye da yadda aka saba, saboda wani ya yi zazzaɓi. Kowa yana ƙirga wata a yatsa. Da aka sake mu, matuƙin ya yi ta ba wa jirgi wuta har ƙarfe yana rawa.

Da muka zo daura da Yalamlam jirgi ya yi kuka, alamar miƙati. Mutane suka yi wanka suka fito fari fat. Ni ma na ɗaura nawa, a wurinsa, a lokacinsa. Na Baffa kuwa ya zama launin ƙasa, Indiyawa suna ta kallonsa. Tanimu ya cire hular ya miƙa mini, ya ɗaura, ya yi niyya, ya buɗe baki zai ce wani abu game da Kanawa, sai ya tuna. Baffa ya jawo tabarmarsa ya zauna daidai gabansa, ya zuba masa ido. Can Tanimu ya kai hannu ƙeya.

“Malam Tanimu,” in ji Baffa da murya mai taushi, “a sosa a hankali, kada gashi ya faɗo.”

JIDDA ZUWA ARFA

Mun iso Jidda da yammacin takwas ga wata. Kafin ƙananan jirage su kwashe mu zuwa gaɓa, a gama dube-dube, rana ta faɗi. Gari ya zama kango, motoci duk suna Mina. Muka kwana a bukkokin bayan ganuwa. Da asubar ranar Arfa na sami wata mota mai ɗauke da raguna za ta kai Mina. Direban, wani ƙaƙƙarfan mutum mai guntun gemu, ya ce mu hau sama in za mu iya da su.

Da hantsi ya tsaya a Bahra. Na ɗauka shayi zai sha. Ya sha, ya sa aka kawo masa lofe, ya miƙe a gadon igiya ya rufe fuska da rawani. Rana ta yi tsaka yana nan. Na je na yi masa sallama, na yi masa bayani a jere: na farko yau Arfa, na biyu tsohon nan daga Mukalla yake, na uku rana ba ta jira. Ya ɗaga gefen rawani.

“Ya Hajji, mota ta yi zafi, ni ma na yi. Raguna ba su da tsayuwar Arfa, gobe ake nemansu.”

Ba wata mota a hanya. A ƙafa, da tsoho, ko Makka ba za mu kai ba kafin dare. Wannan wuri ne da ake bukatar mai faɗa, ga kuwa gwanaye biyu tare da ni, duk a ɗaure. Tanimu ya gwada roƙo, abin bai yi masa kyau ba, don bai saba ba.

Sai Baffa ya sauko daga cikin raguna. Ya tafi a hankali ya tsuguna a kan gadon, daidai kunnen direba, ya gyara mayafi, ya ja numfashi. Muryar da ya yi shekaru yana korar tsuntsaye da ita daga nesa, ita ya saki. Direba ya zabura har lofe ya faɗi. Ya juya ɗaya gefen, Baffa ya kewaya. Wasu matafiya da suka makara kamar mu suka taso suka kama amsawa. Ba Musulmin da zai ce wa mai harami ya daina labbaika ranar Arfa, a gaban jama'a. Mai gahawa ya zo ya roƙi direba don Allah ya kwashi mutanensa.

Ya tashi ya murɗa mota. Baffa ya zauna a sama daidai bayan kansa, ya ci gaba. Muka ratsa Makka, ba kowa sai karnuka da 'yan gadi. Na hango unguwarmu ban tsaya ba. A Mina direba ya taka birki ya ce an iso. Baffa bai sauka ba, ya ƙara murya. Direba ya dube shi, ya dubi rana, ya ce wani abu da ba zan rubuta ba tun da shi ba ya cikin harami, ya ja mota. Haka ragunan nan su ma suka yi Arfa.

Mun shiga filin bayan la'asar, rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. Na tambayi wani askar ko nan cikin iyaka ne, ya ce ciki ne. Na sake tambayar wani don in tabbatar. Baffa ya sauka, ya tsaya, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu. Wannan karon ba a jin muryarsa. Sunan mahaifina kawai na tsinta, sau biyu. Muna tsaye a bayansa har rana ta faɗi, duhu ya shiga, na ce masa, “Baffa, ka samu.” Ya gyaɗa kai.

GIDA

Sauran ayyuka mun yi su yadda aka tsara: Muzdalifa, jifa, aski, ɗawafi, sa'ayi, kwanakin Mina. A duk wannan Baffa bai ce wa kowa komai ba, har na fara tunanin ko an canja mana shi.

Mun shiga Tandabawi da hantsi. Mai ɗakina ta yi tuwon dawa da miyar kuka, maƙwabta suka cika zaure. Baffa ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya sa hularsa wadda kan Tanimu ya buɗa har tana rufe masa kunne. Ya ci tuwo ƙwarya biyu, ya wanke hannu. Sannan ya tambayi Malam Isa, limamin unguwarmu, ko akwai sauran abin da ya rage a kansa. Liman ya ce babu, Alhaji, hajji ya cika.

Ya ce a kira masa Tanimu, ni ma in zauna.

Ya fara faɗan da ya tara, daga Mukalla, da guntuwar rigata. Ya bi ta kan nahuda, da wanda ya sassaƙa itacen jirgi, da tukunyar da Tanimu ya runguma. Bai manta komai ba. Daga nan ya tsallaka kan direba. Na ce, “Baffa, ka yi haƙuri, ka tsallake Barbara. Ita ce kafin Bahra.” Tanimu ya dube ni kamar zai yi kuka. Baffa ya ce gaskiya ne, ya koma baya, ya ɗauko daga hula. Da aka kira azahar ya tsaya, muka yi salla, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ina gode wa Allah da ya fitar da mu daga ruwa ya kai tsohon nan Arfa. Ina gode wa Nahuda Salim, da mai zauren Barbara, da matan da suka yi ta aiko da nono, da Alhaji Tanimu wanda har yanzu yana gidana. Allah ya jiƙan waɗanda guguwar bana ta ci, na teku da na tudu. Baffa yana nan lafiya, yana gaishe ku. Jiya ya yi faɗa da mai kawo mana ruwa.